TAƘAITACCEN TARIHIN MARIGAYI DAKTA BYANG HENRY KATO (1936 – 1975): MALAMIN DA BAI DAINA ZAMA ALMAJIRI BA

GABATARWA

A lokacin biki irin wannan na cikar ikilisiya shekara 50, daidai ne mu waiwayi baya mu tuna da waɗanda suka riga mu cikin bangaskiya, domin mu gode wa Allah saboda su, mu kuma ɗauki darasi daga rayuwarsu. An keɓe waɗannan shafuffuka domin tarihin wani bawan Allah wanda ba haifaffen Kafin Dafga ba ne, ba kuma ɗan ƙasar Karaye ko Rogo ba, amma asalinsa ya yi kama da na da yawa daga cikinmu. Ɗan manomi ne, an haife shi a gidan da ake bin al'adar kakanni, ya shiga makaranta da ƙyar, bai kuma sami zuwa sakandare ba. Duk da haka kafin ya cika shekara 40 ya zama ɗaya daga cikin manyan malaman tauhidi na Afirka. Sunansa Byang Henry Kato.

A cikin ɗan gajeren ransa ya sauya aiki sau da yawa. Ya yi koyarwa, ya yi aikin jarida, ya riƙe ofishin ikilisiya, ya ajiye ya koma aji, sa'an nan ya shugabanci wata babbar ƙungiya ta dukan Afirka. Amma wanda ya duba da kyau zai ga cewa aiki ɗaya ne ya yi tun daga farko har ƙarshe, wato koyon Maganar Allah da koyar da ita ga mutanensa.

HAIHUWA DA ƘURUCIYA

An haifi Byang Kato ran 23 ga Yuni, 1936, a Sabzuro cikin garin Kwoi, a ƙasar Jaba, wadda a lokacin take cikin Lardin Zariya, yanzu kuwa tana cikin Jihar Kaduna. Mutanen wurin suna kiran kansu Ham, Hausawa kuma suna ce musu Jaba. Iyayensa masu bin addinin gargajiya ne, kuma tun yana jariri mahaifinsa ya keɓe shi domin ya zama mai hidimar tsafi idan ya girma. Da ya kai kimanin shekara 10 aka yi masa al'adar shigar da yara maza cikin manya kamar yadda ake yi wa sa'o'insa. Saboda haka ya san addinin kakanninsa daga ciki, ba labari aka ba shi ba. Wannan sani ya yi masa amfani ƙwarai daga baya, kamar yadda za mu gani.

Mishan na S.I.M., wadda Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka fara a 1893, ta buɗe tasha a Kwoi tun 1910. A zamanin ƙuruciyar Byang akwai wata baturiya mai aikin bishara a wurin, sunanta Mary Haas, wadda take tara yara tana koya musu labaran Littafi Mai Tsarki. Ta wurinta ne yaron ya fara jin bishara, ya fara zuwa Makarantar Lahadi, ya kuma sa rai ga shiga makarantar mishan. Mahaifinsa bai so ba, gama a ganinsa hannun da zai riƙe fartanya ne ake so a ɗauke masa. Da aka yi ta roƙo ya yarda, sai yaron ya haɗa gona da makaranta, ba a sauke masa ko ɗaya ba.

TUBA DA TSANANI

Yana ɗan shekara 12, wata rana a aji malaminsu ya ba su labarin Nuhu da jirgi, ya bayyana musu cewa kamar yadda jirgin ya zama mafaka daga ruwan tsufana, haka Yesu Kristi yake mafaka ga mai zunubi. A ranar Byang ya ba da ransa ga Ubangiji. An yi masa baftisma ran 21 ga Nuwamba, 1948, ta hannun Rabaran Raymond Veenker.

Abin da ya biyo baya sananne ne ga dattawanmu da yawa da suka tuba a gidajen da ba a san Kristi ba. Mahaifinsa ya husata, ya yi masa dūka, ya hana shi abinci, ya kuma janye hannunsa daga biyan kuɗin makaranta. Byang bai bar bangaskiyarsa ba, bai kuma yi wa mahaifinsa rashin kunya ba. Ya riƙa yin 'yan ayyuka a gidan mishan domin ya sami kuɗin makaranta da na tufafi, yana kuma zuwa gona kamar dā. Mai haƙuri yakan dafa dutse: daga baya mahaifin nan da ya tsananta masa shi ma ya zama mai bi.

A shekarar 1953 aka yi babbar farkawa a ikilisiyar Kwoi. Mutane suka yi ta fitowa suna furta zunubansu suna kawo baiko. Byang, wanda a lokacin zuciyarsa ta fara yin sanyi, ya fito gaban jama'a da hawaye ya tuba, ya tuɓe rigarsa ya ajiye ta tare da sauran baye-baye, alamar ya miƙa kansa duka ga aikin Ubangiji. Yana da shekara 17 a lokacin. Daga nan ya duƙufa cikin koyarwa a Makarantar Lahadi da aikin matasa, musamman ƙungiyar Boys' Brigade, wadda muka fi sani da 'yan B.B., inda ya zama ɗaya daga cikin shugabanni.

IGBAJA, AURE DA FARKON KOYARWA

A 1955 ya tafi Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Igbaja, kusa da Ilori, a ƙasar Yarbawa. Tafiya ce mai nisa ga saurayin da ya tashi a ƙauye, ga baƙon harshe, ga baƙon abinci, karatu kuma duk da Turanci. A shekararsa ta ƙarshe, ran 26 ga Janairu, 1957, ya auri wata budurwa mai bi daga ƙasarsu ta Jaba. Allah ya albarkace su da 'ya'ya 3, mace ɗaya da maza biyu. Ya gama Igbaja a wannan shekara ta 1957.

Tsakanin 1958 da 1963 ya yi koyarwa a makarantun Littafi Mai Tsarki, ciki har da ta Zabolo kusa da Jos da kuma ta Kagoro. Irin waɗannan makarantu su ne suka horar da masu bishara da fastocin da suka bazu cikin ƙauyukan Arewa, suna riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka fara bugawa cikakke a 1932. Albashin malamin irin wannan makaranta kaɗan ne, sai ya haɗa da noma kafin ya ci da iyali.

A cikin waɗannan shekaru kuma ya yi sauyin aiki na farko, ya tafi Legas ya yi aiki da mujallar African Challenge, wadda S.I.M. ta fara bugawa a 1951, wadda daga baya aka sāke mata suna Today's Challenge. Aikinsa ya haɗa da rubutu da amsa wasiƙun masu karatu. Matasa daga ko'ina suna rubutowa da tambayoyi a kan aure, da tsoron maita, da neman aiki, da shakka game da bangaskiya, shi kuwa yana ba su shawara daga Maganar Allah. A nan ya koyi abu biyu da suka bi shi har ƙarshen ransa: yadda ake rubutu a sauƙaƙe domin kowa ya gane, da kuma sanin ainihin tambayoyin da suke damun Kiristan Afirka. Alli ya ajiye ya ɗauki alƙalami, amma koyarwa ce dai yake yi.

KARATU TA GIDAN WAYA

Byang ya gane cewa ba zai iya amsa tambayoyin 'yan makarantun zamani da takardar Igbaja kaɗai ba. Ƙasa tana shirin samun mulkin kai, jami'o'i suna buɗewa, 'ya'yan masu bi suna komowa gida da tambayoyin da fastocinsu ba su taɓa ji ba. Amma ƙofar jami'a ba ta buɗuwa sai da takardar sakandare, shi kuwa ba shi da ita, ga shi magidanci da 'ya'ya.

Sai ya shiga karatu ta gidan waya. Ana aiko masa da darussa daga Ingila, ya yi aikin bayan ya tashi daga nasa aikin na yini, ya mayar ta gidan waya, ya jira makonni kafin amsa ta dawo. Da haka ya ci jarrabawar G.C.E. mataki na farko a 1961 yana da shekara 25, ya kuma ci babban mataki a 1963. Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi. Wannan sashe na tarihinsa ba shi da armashi kamar tafiye-tafiyensa na ƙasashen waje, amma shi ne tushen dukan abin da ya biyo baya. Da ya ce shekaru sun wuce, ko iyali sun yi yawa, da labarinsa ya tsaya a nan.

LANDAN

A 1963 ya sami shiga Kwalejin Littafi Mai Tsarki ta Landan, wadda aka kafa a 1943, wadda tun 2004 ake kira London School of Theology. A lokacin Ernest Kevan ne shugabanta, cikin malamanta kuma akwai Donald Guthrie, sanannen masanin Sabon Alkawari. Ɗaliban kwalejin suna rubuta jarrabawar Jami'ar Landan, a nan Byang ya sami digirinsa na farko cikin ilimin tauhidi a 1966, yana da shekara 30.

A wancan zamani mai digiri daga Landan, ɗan Arewa, ba ya rasa babban aiki a gwamnati, da mota da gida. Byang ya dawo ya koma Igbaja, makarantar da ta yaye shi, ya ci gaba da koyarwa a sashenta na tauhidi. Wanda ya tafi yana malami ya dawo yana malami.

BABBAN SAKATAREN E.C.W.A. A LOKACIN YAƘI

Bai daɗe a Igbaja ba. A 1967 aka zaɓe shi Babban Sakataren E.C.W.A., ikilisiyar da aka kafa a 1954 daga cikin aikin S.I.M., ya koma Jos da zama. Yana da shekara 31 kawai. A watan Yuli na wannan shekara yaƙin basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai Janairu 1970. Ikilisiyar tana da 'ya'ya a kowane gefe na fagen fama, gama akwai masu bi na E.C.W.A. a Gabas kamar yadda suke a Arewa da Yamma. Nauyi ya hau kansa na riƙe zumunci kada ya tsinke, da kuma sa hannu cikin aikin kai agaji ga waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita.

Wannan ofis ya sa ya zagaya ikilisiyoyi da yawa, ya ga abin da ba a gani daga cikin aji. Ya ga majami'u suna cika, ana buɗe sababbi, amma masu koyarwa ba su isa ba, waɗanda suke akwai kuma yawancinsu ba su sami horo mai zurfi ba. Ya ga cewa manyan makarantun tauhidi har yanzu suna dogara ga turawa, ya kuwa san cewa ba za su dawwama ba. Saboda haka a 1970 ya yi abin da ba kowa ke yi ba: ya sauka daga kujerar shugabanci da kansa ya koma ɗalibi, yana da shekara 34.

DALLAS: DIGIRI NA BIYU DA NA DAKTA

Ya tafi da iyalinsa Makarantar Tauhidi ta Dallas a jihar Texas ta Amurka, wadda aka kafa a 1924, wadda kuma ta shahara wajen koyar da Littafi Mai Tsarki daga harsunansa na asali, wato Ibrananci da Helenanci. Ya sami digiri na biyu a 1971, aka kuma ba shi digirin dakta cikin tauhidi a 1974.

Abin lura shi ne batun da ya zaɓa ya yi bincike a kai. Bai je Amurka ya manta da Kwoi ba. A digirinsa na biyu ya yi nazari a kan addinin mutanensa na Jaba, yana tambaya: me mutum zai iya sani game da Allah ta wurin halitta da lamiri kaɗai, ina kuma iyakar wannan sani? Amsarsa ita ce, kakanninmu sun san akwai Mahalicci, wannan sani kuwa gaskiya ne, amma bai isa ya nuna hanyar gafarar zunubi ba, sai an ji bisharar Yesu Kristi. A digirin dakta ya faɗaɗa batun, ya yi nazari a kan koyarwar da ta fara shiga jami'o'in Afirka, mai cewa kowane addini hanya ce ta ceto, kowa kuma zai tsira a ƙarshe. An buga wannan bincike a Kenya a 1975 da sunan Theological Pitfalls in Africa, wato ramukan da tauhidi zai iya faɗawa ciki a Afirka, Billy Graham ne kuma ya rubuta masa gabatarwa.

A cikin littafin ya yi muhawara da manyan masana irin su John Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya. Ba kowa ne ya yarda da shi ba. Waɗansu masana, har da Kwame Bediako na Gana daga baya, sun ga cewa ya tsananta wa addinin gargajiya fiye da kima, kuma tunanin malamansa na Amurka ya rinjaye shi. Waɗansu kuwa sun amsa cewa mutumin da aka keɓe wa tsafi tun yana jariri ya san abin da yake magana a kai. Har yanzu ana wannan muhawara a makarantun tauhidi, abin da yake nuna cewa tambayar da ya ɗauko ba ƙarama ba ce.

AIKIN DUKAN AFIRKA

A farkon 1973, tun bai karɓi digirin dakta ba, aka gayyace shi babban taron Ƙungiyar Masu Bishara ta Afirka da Madagaska, wato A.E.A.M., a Limuru ta ƙasar Kenya. A jawabinsa ya kwatanta ikilisiyar Afirka da mai ciwon ƙarancin jini: jiki ya girma, amma ba ƙarfi, domin koyarwa ta yi kaɗan. A taron aka zaɓe shi Babban Sakataren ƙungiyar, shi ne kuma ɗan Afirka na farko da ya riƙe wannan matsayi. Ya koma Nairobi da iyalinsa.

Maganin da ya kawo a fili yake. Ya ce a kafa manyan makarantun tauhidi guda biyu a cikin Afirka, ɗaya da Faransanci ɗaya da Turanci, domin kada sai an ƙetare teku kafin a sami digiri mai zurfi. A kafa hukumar da za ta riƙa duba ingancin makarantun Littafi Mai Tsarki. A sami mujallar da masanan Afirka za su riƙa rubutu a ciki. A kuma ƙarfafa 'yan Afirka su rubuta littattafai da kansu domin mutanensu.

A watan Yuli 1974 ya yi jawabi a babban taron bishara na duniya a Lausanne ta ƙasar Suwizalan, inda wakilai daga ƙasashe kimanin 150 suka hallara. A wannan shekara aka zaɓe shi mataimakin shugaban Zumuntar Masu Bishara ta Duniya, a 1975 kuma ya zama shugaban hukumarta ta tauhidi.

BANGASKIYA DA AL'ADA

Zamanin nan lokaci ne da shugabannin ƙasashe da dama suke kiran a koma ga al'adun gargajiya. A Zayar, Mobutu ya hana sunayen baftisma a 1972. A Chadi, Shugaba Tombalbaye ya tilasta wa mutane shiga al'adar yondo, masu bi da yawa da suka ƙi sun sha azaba, waɗansu har sun rasa rayukansu, kafin a kashe shi a juyin mulkin Afrilu 1975. Tambayar da take gaban kowa ita ce: mutum zai iya zama cikakken Kirista ya kuma zama cikakken ɗan Afirka?

Byang ya amsa cewa ƙwarai kuwa. Ya koyar cewa bangaskiyar Kirista ba kayan turawa ba ce, gama ta kafu a Masar da Habasha da Arewacin Afirka tun ƙarnonin farko, kafin ta kai wurare da yawa na Turai. Ya ƙarfafa a yi sujada da harshen gida, da waƙoƙi da kayan kiɗa na gida, da tufafin gida. Amma ya ce Maganar Allah ce za ta auna al'ada, ba al'ada ce za ta auna Maganar Allah ba. Abin da yake mai kyau, kamar girmama iyaye, da karɓar baƙi, da gayya, da zumunci, a riƙe shi. Abin da ya shafi bauta wa wani ban da Allah, a rabu da shi. Ya rubuta ƙaramin littafi a kan wannan mai suna African Cultural Revolution and the Christian Faith, da wani kuma a kan abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar game da ruhohi. Mu da kakanninmu suka san bori da tsafin gida da na gona, ake kuma yi mana kallon wai Bahaushe ba ya zama Kirista, wannan koyarwa tamu ce. Ba mu bar Hausa ba da muka bi Kristi.

BYANG A GIDA

Kada a ɗauka cewa mutumin nan littattafai da jirgin sama kaɗai ya sani. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun nuna shi mutum ne mai fara'a da sauƙin kai, mai son iyalinsa. Sujadar iyali ba ta yankewa a gidansa, yana kuma lura da karatun 'ya'yansa da rayuwarsu ta ruhaniya. Ƙaunar yara da matasa da ya fara da ita a Makarantar Lahadi da B.B. a Kwoi ba ta rabu da shi ba bayan ya zama dakta. Yana son rubutu da karatu, yana kuma son hira da mutane, har an san shi da yi wa wanda ya haɗu da shi a hanya maganar Yesu, ko babba ne ko ƙarami. Mutumin da ya tsaya gaban dubbai a Lausanne shi ne dai wanda yake zama da yaro ɗaya ya buɗe masa Littafi. Ilimi bai sa ya raina fastocin ƙauye ba, gama daga cikinsu ya fito, saboda su kuma ya yi karatun.

RASUWARSA

Daga 23 ga Nuwamba zuwa 10 ga Disamba, 1975, Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya ta yi babban taronta na biyar a Nairobi, Byang kuma ya halarta a matsayin ɗan kallo. Bayan taron, da gajiyar tafiye-tafiye ta shekara, ya tafi hutu da iyali a bakin teku kusa da Mombasa. A can ne ran 19 ga Disamba, 1975, ruwa ya ci shi. Yana da shekara 39, bai kai shekara 3 a ofishinsa na Nairobi ba. An kawo gawarsa gida aka binne shi a Kwoi. Labarin ya girgiza ikilisiya a Nijeriya da sauran ƙasashe, mutane da yawa suka yi ta tambaya don me Allah ya ɗauke shi a daidai lokacin da ake bukatarsa.

ABIN DA YA BARI

Bai ga ko ɗaya daga cikin makarantun da ya yi fata ba, amma iri ya riga ya shiga ƙasa. A 1976 aka kafa hukumar duba makarantun tauhidi ta Afirka, wato ACTEA. A 1977 aka buɗe makarantar tauhidi ta Faransanci a Bangui, a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya. A 1983 aka buɗe ta Turanci a Nairobi, wadda daga baya ta zama jami'a mai suna Africa International University. A gida kuma E.C.W.A. ta buɗe makarantar tauhidi ta Jos a 1980, aka sa wa ɗakin karatunta sunansa. Dakta Tokunboh Adeyemo, wanda ya riƙe kujerarsa ta Nairobi daga baya, shi ne ya shugabanci masana 70 na Afirka suka rubuta sharhin dukan Littafi Mai Tsarki a littafi guda, aka buga a 2006, an kuma fassara shi zuwa Hausa. Fastocin da suka yi karatu a waɗannan makarantu, ko a hannun waɗanda suka yi karatu a can, suna cin amfanin gonar da Byang ya share.

DARASI DOMIN MU

'Yan'uwa, ciwon ƙarancin jinin da Byang ya yi magana a kai a 1973 ba na birane ba ne kaɗai. Ikilisiyar da ta cika shekara 50 tana iya samun ginin bulo da rufin kwano, amma idan ba ta da masu koyarwa daga cikin 'ya'yanta, kowace iskar koyarwa za ta iya kwashe ta. Waɗanda suka kawo mana bishara sun yi nasu, da yawansu sun huta. Wa zai koyar a Kafin Dafga da ƙauyukan Karaye da Rogo cikin shekara 50 masu zuwa?

Ga iyaye: mahaifin Byang ya ga hannun noma ne kawai a jikin ɗansa, saura kaɗan ya hana Afirka malami. Gaskiya ne damina tana bukatar hannu, kuɗin makaranta kuma yana da nauyi, amma kada mu cire yaro ko yarinya daga aji saboda amfanin shekara ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga matasa da magidanta da karatu ya tsaya musu: Byang ya ci jarrabawar sakandare yana da mata da 'ya'ya, ta gidan waya. Hanyoyin karatu na yau sun fi na zamaninsa yawa da sauƙi. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga 'ya'yanmu da suka yi nisa cikin ilimi suna Kano, Zariya, Kaduna, Abuja ko ƙasashen waje: Byang ya je Landan ya dawo, ya je Dallas ya dawo, abin da ya yi bincike a kai ma na gida ne. Ku tuna da majami'ar da kuka koyi karatu a cikinta. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Ga malaman Makarantar Lahadi, da shugabannin B.B. da G.B., da Zumuntar Mata: wani malami ne a wani ƙaramin aji ya ba da labarin Nuhu, bai san wanda yake zaune a gabansa ba. Kada ku raina aikinku.

Ga dattawan ikilisiya: ya kamata cikin baikon godiya na wannan jubili a tuna da ɗaukar nauyin karatun waɗanda Allah ya kira, maza da mata, domin a sami amintattun da za su koya wa waɗansu kuma.

Allah wanda ya kira Byang Kato daga gonar mahaifinsa a Kwoi, shi ne Allahnmu, bai kuwa sāke ba. Bari ya tā da irinsa daga cikin 'ya'yanmu, ya ba mu zuciyar koyo da ta koyarwa, ya riƙe ikilisiyarsa da aminci har ranar zuwan Ubangijinmu Yesu Kristi. Amin.